Ruwa Ya Yi Yawa, Na Sha Ya Yi Wuya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Sauyin Yanayi da Ruwa a Legas

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa duk damina, a majalisarmu ta Agege bayan sallar isha'i, a wajen 'yan ga-ruwa, da bakin kasuwar Mile 12. Na tattara su wuri guda, na faro daga masu sauƙi. Wanda ke sauri yana iya neman tasa kawai ya karanta.

Wai mene ne sauyin yanayin nan, kuma ina ruwansa da ruwan da muke sha?

Hayaƙin kwal da fetur da iskar gas da ake ƙonawa, haɗe da sare dazuka, ya taru a sararin sama yana riƙe zafin rana kamar bargo. Duniya ta ƙara zafi da fiye da digiri 1 a ma'aunin Salshiyas tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi.

Ta ruwa abin ya fi shigo mana. Duk digiri 1 da iska ta ƙara, tana iya ɗaukar ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin 100. Shi ya sa ruwan da a da yake rabuwa cikin mako guda yanzu sai ya zubo a yini ɗaya kamar da bakin ƙwarya, idan kuma ya ɗauke ƙasa ta bushe da wuri. Ita ma teku tana kumbura saboda zafi da narkewar ƙanƙara: ta ƙaru da kusan santimita 20 daga 1901 zuwa 2018. Tsawon taƙi guda ke nan. A kan dutsen Dala ba a ma lura ba, amma Legas shimfiɗe take kusan daidai da fuskar ruwa.

Idan an ce 'yan asalin wuri a Legas, su wa ake nufi?

Mu mun saba da haɗe kowa mu ce Yarbawa, amma akwai bambanci. Akwai Awori, waɗanda su ne tsofaffin mazauna tsibirin Ikko da kewayensa. Akwai Egun na Badagry, da 'yan'uwansu masunta da suka kafa gidaje a kan ruwa a Makoko tun ƙarni na 19. Akwai Ijebu na Epe da Ikorodu, da Ilaje da suka gangaro daga gaɓar tekun jihar Ondo suna bin kifi.

Abin da ya sa ake ware su a maganar nan shi ne, ruwa ne gonarsu, shi ne hanyarsu, shi ne kasuwarsu, kakanninsu kuma a gefensa aka binne su. Ni da kai idan Legas ta gagara muna da garin komawa. Masuncin Makoko ba shi da wani gida bayan wannan. Kuma mutumin da dukiyarsa kwalekwale ce da taru ba shi ne ya cika sama da hayaƙi ba. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin haka Buduma suke a tsibiran Tafkin Chadi, haka masuntan Bade suke a fadamun Yobe. Akwai tambaya a kansu can ƙasa.

Gari a kewaye da ruwa, ta yaya ruwan sha zai yi wuya?

Ruwan teku gishiri ne. Tafkin Legas kuma zartsi ne, da rani gishirinsa ya ƙaru, ga dattin gari duk a cikinsa yake ƙarewa. Ruwan daɗi daga koguna yake zuwa, musamman kogin Ogun, wanda ke shayar da matatun Iju da Adiyan. Ta Iju tun 1915 aka buɗe ta, lokacin da Legas ba ta kai ƙaramar hukuma guda ta yau yawan jama'a ba. Lissafin da hukumar ruwa ta jihar ta daɗe tana bayarwa shi ne ana buƙatar galan miliyan 540 a rana, abin da matatunta za su iya samarwa kuwa kusan miliyan 210 ne, shi ma idan wuta ta tsaya, bututu bai fashe ba.

Wannan giɓin rijiyoyin burtsatse ne suka cike shi, da tankokin ruwa, da fiya wata, da kurar ɗan ga-ruwa. Wato matsalar ta riga sauyin yanayi zuwa. Shi dai ya zo ya tarar da mara lafiya ne ya ƙara masa zazzaɓi.

Rijiyarmu ta fara zartsi, sabulu ma ba ya kumfa. Me ya jawo?

A ƙarƙashin ƙasar bakin teku ruwa iri biyu ne: na daɗi a sama, na gishiri a ƙasa saboda ya fi nauyi. Idan kowane gida ya haƙa burtsatse yana zuƙa dare da rana, na daɗin sai ya yi ƙasa, na gishirin ya biyo sahu ya cike gurbinsa. Tashin teku kuma yana ƙara turo shi cikin gari. Shi ya sa kukan ya fi yawa a Lekki da Ajah da Apapa da tsibirin Victoria, mu na Agege da ke kan tudu muka ɗan samu sauƙi. Yawan zuƙar nan yana sa ƙasar kanta ta riƙa lotsawa a hankali, musamman wuraren da aka cike da yashi.

Amma a bambance. Ruwan da ka ɗebo fari tas, ka ajiye a bokiti ya koma ruwan ɗorawa yana ƙarnin tsatsa, wannan sinadarin ƙarfe ne. Idan aka bar shi ya sha iska ya kwanta, aka tace da yashi da gawayi, yana gyaruwa. Gishiri kuwa tafasawa ba ta fitar da shi, ƙara masa ƙarfi ma take yi, alif ma ba ya taɓa shi. Irin wannan a bar shi ga wanki da shara, a nemi na sha a wani wuri. Mai hawan jini ya fi kowa buƙatar kiyaye wannan.

Duk ambaliyar Legas laifin sauyin yanayi ce?

A'a, kuma duk wanda ya ce maka haka yana ɓoye laifin wani ne. Ruwa ta hanya 3 yake shigar mana gida.

Na farko na sama ne. Wanda yake Legas ranar 10 ga Yulin 2011 bai manta ba, an wuni ana zuba, har aka rasa rayuka. An maimaita a Yulin 2017, da Yulin 2021, da farkon Yulin 2024. Yawaitar irin wannan mamakon yana da hannun ɗumamar duniya. Amma ruwan ina zai bi? Fadamun da ke shanye shi an cike su an yi gidaje, manyan lambatu an yi gini a kansu, ƙananan kwatoci kuma cike suke da ledar fiya wata da robar abinci. Wannan aikin hannunmu ne, har da mu baƙi.

Na biyu na kogi ne, kuma shi ya fi taɓa Hausawa. Idan madatsar Oyan da ke kusa da Abekuta ta cika wajen watan Satumba da Oktoba, hukumar da ke kula da ita takan saki ruwa, ya biyo kogin Ogun ya sauka a Kara da Isheri da Agiliti da Owode da Ajegunlen hanyar Ikorodu. Na taɓa zuwa Kara a irin wannan lokaci. Rana tsaka, ko ɗigon hadari babu, amma turakun shanu sun nutse, an kora dabbobi an tsayar da su a gefen babbar hanya, yara na fito da mutane a kwalekwale a inda jiya ake cinikin bijimi. Wani dattijo yana tsaye ruwa iya cinyarsa, ya ɗora buhun dusa a ka, bai san inda zai ajiye ba. Na uku shi ne na teku: idan ta cika ta tokare bakin tafki, ruwan kwata ba ya samun mafita, sai ya juyo baya. Ranar da biyu daga cikin ukun nan suka haɗu, ita ce ranar da ake kwana a tsaye.

Su masuntan Makoko da Badagry, me ya canza musu?

Abu na farko kifi ne. Kifin tafki yana hayayyafa ne a cikin saiwoyin itatuwan bakin ruwa, irin masu tsayawa a cikin taɓo. An sare su, an cike wurin da yashi. Masu haƙar yashi kuma suna dama ƙasan tafkin su lalata makwancin kifi. Dole masunci ya ƙara nisa, ya ƙona mai da yawa, ya dawo da kaɗan. Matan da ke banda kifi su ma abin ya iso su. Ga kainuwar nan mai fure da ta ɓulla a ruwan Badagry wajen 1984, wadda idan ruwan daɗi ya yi yawa take rufe hanya ta naɗe farfelar inji.

Na biyu, wanda ya fi ba ni tausayi, ruwan sha ne. Mutum yana kwana a kan ruwa, yana tashi a kan ruwa, amma sai ya tuƙa kwalekwale da jarkoki ya je ya saya a wajen mai burtsatse. Ruwan da ke ƙarƙashin ɗakinsa baƙi ne wuluk, domin nan ne bayan gida da sharar unguwa suke zuba. Idan ka bi ta gadar Third Mainland da safe za ka hango rufin gidajensu cikin hayaƙin bandar kifi. A nan ne aka gina makarantar nan mai yawo a kan ruwa a 2013, wadda Kunle Adeyemi ya zana, aka ɗora ta a kan durorin roba. Ta rushe a Yunin 2016 bayan ruwan sama mai ƙarfi, babu ɗalibai a ciki.

Da gaske teku tana cinye garuruwa?

Da gaske ne. A Okun Alfa, wajen Lekki, ta cinye bakin yashi da itatuwan kwakwa da gidaje. A Agustan 2012 igiyar ruwa ta afka wa bakin tekun Kuramo cikin dare ta tafi da mutane. Ayetoro, garin Ilaje a jihar Ondo da aka kafa a 1947, teku ta riga ta haɗiye babban ɓangarensa.

A nan ma akwai hannun mutum. Ganuwar duwatsun da Turawa suka gina a mashigin tashar jiragen ruwa a farkon ƙarni na 20 ta tare yashin da ruwa ke kawowa daga yamma, shi ne bakin tekun Bar Beach ya yi ta zaizayewa. Yanzu an cike wurin an yi sabuwar unguwar Eko Atlantic, an kare shi da katangar duwatsu mai tsawon kilomita da dama. Mazauna ƙauyukan da ke gabas da ita suna kukan cewa ƙarfin ruwan kansu ya dawo.

Ni ɗan ga-ruwa ne. Yaya abin nan ya shafi sana'ata?

Ɗan'uwa, kai ka fi kowa ganin abin da idonka. Da rani rijiyar da ka saba ɗiba tana ja baya, layi ya yi tsawo, mai burtsatse ya ƙara kuɗi saboda man janareta, kai kuma ka ƙara a kan jarka a yi ta yi maka faɗa. Da damina kowa ya tari na sama ciniki ya faɗi, ga tura kura mai jarka 10 ko 12 cikin taɓo. Jarka ɗaya mai lita 25 kilo 25 ce, ka lissafa abin da ƙirjinka ke turawa.

Amma akwai amana a wuyanka, domin abin da ka zuba a randar mutane shi yaransu za su sha. Ka san rijiyar da kake ɗiba: idan tana maƙwabtaka da sokawe, ko ambaliya ta taɓa rufe bakinta, ka canza. Ka wanke cikin jarka da sabulu da tsakuwa ko da sau ɗaya a mako, koren gansakukan nan ba ado ba ne. Kowace jarka ta samu murfi, ba ƙullin leda ba. Wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko wani sinadari ta fita daga layin ruwan sha har abada. Idan ruwa ya tsaya a unguwa ka nemi takalmin roba, ƙafar da ke da tsaga ba ta shiga ruwan kwata ta fito lafiya.

Ambaliya ta shiga rijiyarmu. Yaya za mu gyara ruwan sha?

A ɗauka ruwan ya gurɓata ko da ya yi fari, domin a Legas sokawe da rijiya sukan zama bango ɗaya ne tsakaninsu, alhali abin da ake so tazara ce mai yawa, kamar mita 30. Idan ruwan ya yi duhu, a fara sa alif ko garin ƙwayar zogale ya kwanta, a tsiyaye, a tace da kyalle mai tsabta. Wannan gyaran ido ne kawai, bai kashe ƙwayar cuta ba. Sai an tafasa shi ya yi ɓul-ɓul na minti 1, ko a sa maganin kulorin irin WaterGuard gwargwadon yadda aka rubuta a jikin kwalbar, a jira minti 30. Rijiyar kuma a kwashe ta, a sa mata kulorin, a ɗaga bakinta da siminti.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A Yunin 2024 cutar amai da gudawa ta ɓarke a Legas, ta fi tsanani a tsibirin Ikko da Eti-Osa da Kosofe, wadda Mile 12 ke cikinta. Idan wani ya fara zawo kamar ruwan shinkafa, a haɗa lita 1 ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi a kan hanyar asibiti. Kada a jira gari ya waye.

Za a iya dogara da ruwan sama?

Sosai, kuma abin takaici ne yadda muke barinsa ya bi kwata. Milimita 1 ta ruwa a kan murabba'in mita 1 na rufi lita 1 ce. Legas tana samun milimita 1,500 ko fiye a shekara. Rufi mai murabba'in mita 50 zai iya tara lita 75,000, jarka 3,000 ke nan. A bar ruwan farko ya wanke kwano ya zube, sannan a juya indararo cikin duro ko tanki mai murfi saboda sauro. Na sha kuma a bi da shi yadda aka faɗa a amsar da ta gabata. Masallatanmu da ke da faɗin rufi su ya kamata su fara.

Me ya haɗa wannan da abin da ke faruwa a gida Arewa?

Igiya ɗaya ce. A shekarun 1960 Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000. Farin shekarun 1970 da 1980 ya tsotse kusan kashi 90 cikin 100 nasa, ko da yake ya ɗan farfaɗo daga baya. Buduma masu kifi da shanu, Barebari, Larabawan Shuwa da Fulani duk sai da suka bi ruwa inda ya koma, aka matsu a wuri kaɗan. A fadamun Haɗeja da Nguru kuwa, madatsun Tiga da Challawa sun rage ambaliyar da ke ciyar da shinkafa da kifi da makiyaya, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa.

Yanzu kuma ga ɗaya fuskar. Ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan 1 da gidajensu. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri. Ka tambayi samarin da ke tura kura a Idi-Araba ko Obalende abin da ya fito da su, za ka ji labarin gona da ta ƙi, ko wadda ruwa ya kwashe. Idan kuma fadama ta nutse a can, kwandon tumatir ne ke faɗa maka a Mile 12.

Dabarun gargajiya suna da amfani, ko sai na Turawa?

Suna da shi, kuma an gani a ƙasa. Mutumin Egun yana kafa gidansa a kan turaku sama da inda ruwa ke kaiwa, yana sanin cikar teku da janyewarta ta kallon wata. Inda gidan bulo ya nutse, nasa yana tsaye. A Burkina Faso, manomi Yakuba Sawadogo ya farfaɗo da dabarar haƙa ƙananan ramuka a zuba taki su riƙe ruwan sama, wadda a Nijar ake kira tassa, ya mai da faƙo daji. Manoman Maraɗi da Damagaram sun daina tumɓuke tohon gawo a gonakinsu, itatuwa suka dawo a miliyoyin hekta. A Chadi, Hindu Umaru Ibrahim, 'yar Fulanin Mbororo, ta zaunar da makiyaya da manoma, maza da mata, suka zana taswirar rijiyoyi da burtali da kansu domin a rage rikici.

Sai dai alamomin da dattawa suka gada sun fara saɓawa, saboda lokutan ruwa sun rikice. Shi ya sa nake ganin a haɗa biyu: ilimin dattijo, da hasashen damina da hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, da na ambaliya da hukumar NIHSA ke bayarwa.

Ba ƙaddara ba ce? Ruwa ai na Allah ne.

Na Allah ne, kuma Shi ya ce daga ruwa Ya yi duk abu mai rai. Amma ledar da ta toshe kwata ba daga sama ta faɗo ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya na ruwa, kuma ya zo a hadisi cewa mutane sun yi tarayya a abu uku: ruwa da ciyawa da wuta. A ɗaure raƙumi, sannan a yi tawakkali.

Me zai hana gwamnati ta kwashe mutanen bakin ruwa kawai?

Domin abin da aka gani ba kwashewa ba ne, kora ce. A Yulin 2012 an rushe wani ɓangare na Makoko bayan wa'adin sa'o'i 72. Tsakanin ƙarshen 2016 da Afrilun 2017 an tashi Otodo Gbame, dubban masunta Egun suka kwana a cikin kwalekwale, daga baya babbar kotun jihar ta ce korar ba tare da tanadin matsuguni ba ta saɓa wa tsarin mulki. Masuncin da aka raba da ruwa an raba shi da abinci. Idan wuri ya zama dole a bar shi, a zauna da masu shi, a ba su wani bakin ruwan. Inda ba dole ba, famfo da bayan gida da kwashe shara suke buƙata. Mu da muka ga yadda ake tashin kasuwanninmu, bai kamata wannan ya zama mana labarin wasu ba.

Nijeriya tana da dokar sauyin yanayi tun 2021, kuma a taron duniya kan sauyin yanayi na 2022 a Masar an amince da kafa asusun biyan asarar ƙasashe matalauta. Alƙawarin yana kan takarda. Ma'aunina shi ne ranar da matar Makoko za ta buɗe famfo a ƙofar ɗakinta.

Kafin damina ta kankama, me zan yi a gidana?

Ruwan Legas yana farawa wajen Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan sarara a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Don haka watan Maris ne lokacin aiki. Ku haɗu da maƙwabta, Bahaushe da Bayarabe da Inyamiri, ku yashe kwatar layinku, kuma a kwashe abin da aka fitar, kada a tara shi a baki ruwan farko ya mayar. A ɗaga bakin rijiya, a duba sokawe. Takardun gida da na makarantar yara a sa a leda a rataye sama. A ajiye jarka 2 ta ruwan sha a rufe, da kwalbar kulorin, da sukari da gishiri.

Wanda ke zaune ko yake da kaya a Kara, Agiliti ko Owode ya kasa kunne ga sanarwar sakin ruwan Oyan, ya san tun yanzu gidan wa zai kai iyali da inda zai kora dabbobi. Sarakunan Hausawa da limamai su riƙa faɗa a masallaci da Hausa, domin da yawa cikinmu sanarwar rediyo da Turanci ko Yarbanci wuce su take yi. Idan ruwa ya shigo, a fara kashe wutar lantarki daga mita kafin a taɓa komai. Lambar neman agajin gaggawa a Legas ita ce 767 ko 112.